Maki 13 Cikin 30: Lamarin Wata Dattijuwa da Aka Ce Gigin Tsufa Ya Kama Ta

Wace ce ita

Ba a rubuta ranar haihuwarta ba, 'ya'yanta dai sun ƙiyasta mata shekara 72. Tana zaune a cikin gari, a wani tsohon birni na arewa maso yammacin Najeriya, gida ɗaya da babban ɗanta da matansa biyu da jikoki. Ba ta taɓa shiga ajin boko ba. Allo ta yi tana yarinya, da girma ya zo ta shiga Islamiyyar matan aure, kuma tana duba Alƙur'ani da kanta. Sama da shekara 40 tana matsar gyaɗa, tana sayar da mai da ƙuli-ƙuli daga cikin gida. Ita ce kuma uwar adashin matan layinsu, mata wajen 20, ba littafi ba biro. Wadda ta zuba, wadda ta ɗauka, wadda ake bi zubi biyu, duk a ka take riƙe da su. Tana da hawan jini da take shan magani a kai, da yana a idon hagu.

A nan za mu riƙa ce mata Inna, kamar yadda mutanen gidan ke kiran ta. Watannin da za a ambata daga rasuwar maigidanta aka ƙirga su.

Wata na 1 zuwa na 6: farkon abin

Maigidan ya rasu bayan babbar Sallah da 'yan kwanaki, bayan gajeriyar jinya. Inna ta shiga takaba. Wata 4 da kwana 10 tana ɗaki, ci kaɗan, magana kaɗan, kuma ba wanda ya damu, don haka aka saba ganin mai takaba. Sai da ta fita aka fara lura. Ba ta koma matsar gyaɗa ba. An yi sunan jikar ƙanwarta a bayan layi, ba ta leƙa ba. Takan farka wajen ƙarfe 3 na dare, ta zauna bakin gado har a kira assalatu. Ta rame har zoben hannunta ya fara zamewa. In an tambaye ta lafiya, sai ta ce kanta ya yi nauyi, tsakiyar kan yana mata zafi, ƙirjinta a tokare, jiki ba ƙarfi.

Adashi ne ya tayar wa gidan hankali. A wata na 6 ta ba wata mata ɗauka alhali ba ita ce a layi ba, aka yi ta ka-ce-na-ce har sai da ɗanta ya biya daga aljihunsa. Uwargidan ɗan ta lura cewa Inna tana rikicewa a raka'a, tana yawan ƙabli da ba'adi. Duk abin da aka tambaye ta amsa ɗaya ce: "Ban sani ba, ku ƙyale ni."

Wata na 7: abin da aka yi a gida

Kan 'yan uwa ya rabu. Wasu suka ce gigin tsufa ne, sai haƙuri. Wasu suka ce kuɗin adashi ne ya jawo mata sammu. Aka karɓo rubutun sha, aka yi tofi, wani malami ya zo ya yi mata ruƙiyya. Ranar da aka yi mata karatu takan sami natsuwa, amma barci da ci ba su dawo ba. Ɗan ya je kemis ya yi bayanin rashin barci, aka ba shi diazepam, maganin sa barci da kwantar da hankali, ƙwaya ɗaya da dare. Ta fara samun barci. Da rana kuwa sai ta riƙa layi in ta miƙe, mantuwar ma ta ƙaru.

Wata na 8: gwajin ƙwaƙwalwa na farko

Aka kai ta babban asibiti. Likitan da ya gan ta matashi ne, Hausarsa ta gaisuwa da ciniki ce, amma bai sallame ta da maganin ƙarin jini kawai ba. Ya buɗo MMSE a wayarsa, wato gwajin da Folstein da abokan aikinsa suka fitar a Amurka a 1975. Makinsa 30 ne, kuma abin da aka saba shi ne wanda ya gaza 24 ana zargin ƙwaƙwalwarsa ta taɓu. Yana karantawa da Turanci, wata nas tana mayarwa Hausa a tsaye, ga layin marasa lafiya a bakin ƙofa.

Ga yadda ta kaya. Ta faɗi ranar mako daidai, ta ce lokacin sanyi ake ciki, shi ma daidai. Da aka tambayi wata sai ta ce watan azumin tsofaffi, wato Rajab, aka ba ta sifili domin watan Bature ake nema. Shekara da kwanan wata ba ta sani ba. Ta faɗi sunan gari da jiha da asibitin, ba ta faɗi ƙaramar hukuma ba, tambayar hawa na nawa ake kuma ba ta gane ta ba. Ta maimaita kalmomi 3 da aka faɗa mata, daga baya ta tuno ɗaya. Aka ce ta cire 7 daga 100, ta yi ta cirewa, sai ta dubi ɗanta ta ce, "Ɗari na mene ne?" Ta faɗi sunan agogo da biro. Akwai wata jimlar Turanci da ake so a maimaita, wadda nas ɗin ta rasa yadda za ta juya ta, aka wuce. Umarni mai gaɓa 3 ta yi biyu. Aka nuna mata rubutun boko ta karanta, aka ce ta rubuta jimla, aka ce ta kwafi zanen siffofi biyu masu kusurwa 5 da suka shiga juna. Ta ajiye biron ta ce, "Ɗan nan, ni ban taɓa riƙe wannan abu ba."

Jimilla: 13 cikin 30. Aka rubuta a kati cewa cutar mantuwa ce da ta fara nisa.

Wata na 9 da na 10: gwajin damuwa, magani, faɗuwa

Da suka koma, wata likita ta ga an rubuta rasuwar miji a katin, sai ta ce bari a duba damuwa. Ta ɗauko GDS, ma'aunin damuwar tsofaffi da Yesavage da abokan aikinsa suka fitar a farkon shekarun 1980, wanda aka gajarta zuwa tambaya 15 a 1986. Amsarsa i ko a'a ce, kuma daga maki 5 ake fara zargin ciwon damuwa. Ita wannan likitar Bahaushiya ce, ta fassara da kanta, ɗan Inna yana zaune a gefe.

"Inna, kin gamsu da rayuwarki?" "Alhamdulillahi." "Kina jin daɗi da kike raye?" "Alhamdulillahi, wasu suna ƙasa." "Kina ganin yawancin mutane sun fi ki jin daɗi?" "Kowa da rabonsa." Da aka zo kan ko ta yanke ƙauna, sai ta ɗaga kai ta ce, "A'uzubillahi, Musulmi ba ya yanke ƙauna daga rahamar Allah." Ta amsa cewa ta bar ayyukan da ta saba, ta fi son zaman gida, ba ta da ƙarfi, kuma tana mantuwa. Maki 4. Aka rubuta: babu damuwa.

Aka ɗora ta a kan donepezil, maganin da ake ba masu cutar mantuwa ta Alzheimer. Ta sha na mako 3, ya sa ta tashin zuciya da gudawa, ga tsada, da azumi ya kama aka ajiye shi. Diazepam kuwa ana nan ana ba ta. Ta nace sai ta yi azumi. A goman ƙarshe ta tashi da dare za ta kewaya, jiri ya kwashe ta, ta faɗi ta gurɗe a wuyan hannu. Wanda ya duba hannun shi ya rubuta musu takarda zuwa sashenmu na lafiyar ƙwaƙwalwa.

Wata na 11: a sashenmu

Ba a yi mata wani gwajin maki a ranar farko ba. Aka fara janye diazepam sannu a hankali, domin yanke shi farat ɗaya yana da nasa haɗarin. Aka auna suga, da yawan jini, da aikin ƙoda, da sinadarin tayiroid, duk ba abin damuwa. Aka sa musu rana bayan mako 2, da safe.

Takardar gwajin ƙwaƙwalwa da muke amfani da ita, wato IDEA, tana da tarihi, kuma tarihin ya shafi abin da ya faru da Inna. A 1992 aka fara wani dogon bincike da ya haɗa Jami'ar Ibadan da Jami'ar Indiana, ana kwatanta tsofaffin Yarbawa a Ibadan da tsofaffin baƙaƙen fata a birnin Indianapolis. Hugh Hendrie da Kathleen Hall daga can, marigayi Benjamin Osuntokun da Adesola Ogunniyi da Olusegun Baiyewu da Oye Gureje daga nan. Mafi yawan tsofaffin Ibadan ɗin ba su yi boko ba, don haka aka yi aiki da CSI-D, gwajin gano cutar mantuwa da aka fara ginawa a tsakanin ƙabilar Cree ta Kanada. Yana da ɓangare biyu: tambayoyi ga tsohon, da tambayoyi ga wanda yake zaune da shi. Daga wannan aiki ne kuma Baiyewu da abokansa suka fitar da gwajin tsinken ashana a 2005, inda maimakon zane da biro ake jera ashana 4 a ce mutum ya kwaikwaya. Bayan haka, a gundumar Hai ta Tanzaniya, masu bincike suka tsamo tambayoyin da suka fi rarrabe mai cuta da mai lafiya, suka haɗa gajeren gwaji mai suna IDEA a 2014, aka kuma gwada shi a asibitoci a Tanzaniya da Ibadan. Gaɓa 6 ne, maki 15. Daga 7 zuwa ƙasa ana zargin cutar mantuwa, 8 da 9 akwai shakka, daga 10 zuwa sama ba a cika samun ta ba.

Hausar da muke karantawa ba a tsaye aka yi ta ba. Mutum biyu suka fassara, kowa shi kaɗai. Na uku da bai ga asalin ba ya mayar da ita Turanci, aka kwatanta. Sannan aka zauna da wasu tsofaffi masu zuwa asibitin hawan jini, ana karanta musu tambaya a ce, "Baba, me ka fahimta ana tambayar ka?"

Aka zaunar da Inna inda haske yake, mai tambaya ta koma ta ɓangaren idonta mai lafiya, ɗan ya jira a waje. Mece ce gada? Ta ce abin da ake bi a tsallake ruwa: maki 2. Yau wace rana? Daidai: maki 2. Wa ke riƙe da unguwarku? Ta faɗi sunan mai unguwa har da na ubansa: maki 1. Sunayen dabbobi cikin minti ɗaya, ta kawo 6 tana jan magana: maki 1. Jerin ashana, ta kuskure inda kawunan suka fuskanta: maki 2 cikin 3. Kalmomi 10 da aka karanta mata sau 3, irin su man shanu da ciyawa da dutse da sanda, daga baya ta tuno ɗaya: maki 1. Jimilla 9. Shakka ke nan, ba wankewa ba, ba tabbaci ba.

Sai aka kira uwargidan ɗan, wadda ita ke kwana kusa da ɗakinta. Inna ta taɓa ɓata a hanyar da ta sani? A'a. Tana rikita sunayen jikoki? A'a, har na goye ta sani. Tana wanka da sa sutura da kanta? I, sai dai a yi ta fama kafin ta tashi. Kafin rasuwar Malam an ga wata alama? Matar ta yi shiru, sannan ta ce, "Wallahi saura mako guda ya kwanta, ita ta yi mana lissafin kayan gara, ba ta yi kuskuren ko naira ba." Cutar Alzheimer takan shigo ne a hankali cikin shekaru, har dangi su kasa cewa ga ranar da ta fara. Wannan kuwa kowa a gidan ya san watan da ta fara.

Maganar damuwa ba da takarda aka yi ta ba. Aka fara daga inda ita ta saba farawa, wato jiki: barci, ci, nauyin kai. Daga nan aka ce, "Inna, tunani yana damun ki?" Ta daɗe ba ta ce komai ba. Sannan ta ce, "'Yar nan, tun da Malam ya tafi duniyar ta fita daga raina. In na tayar da sallah tunani ke ɗauke ni, sai in rasa ta nawa nake." Ta ce ta zama kaya a wuyan yaran nan, ta ce ita ta yi sakaci da ba a kai shi asibiti da wuri ba. Aka tambaye ta kai tsaye ko tana tunanin mutuwa. Ta ce kashe kai haramun ne, ba za ta yi ba, amma da Allah zai ɗauke ta da ta huta. Likitan ƙwaƙwalwa ya tattara duka, ya rubuta ciwon damuwa mai ƙarfi, da raunin tunani da ke tare da shi, a sake auna ƙwaƙwalwa bayan magani.

Wata na 11 zuwa na 17: magani

Aka fara sertraline, maganin ciwon damuwa, miligiram 25, bayan mako guda aka kai 50. An guji amitriptyline, wani maganin damuwar, duk da arharsa, domin yana ƙara wa tsofaffi ruɗewa da jiri. Aka gaya wa gidan tun farko cewa sai an yi mako 4 zuwa 6 kafin a ga canji, don kada su ajiye shi kamar na baya. Ba wanda ya ce a daina addu'a da rubutu. Aka roƙi matan gidan su dawo da suyar ƙuli-ƙuli ƙofar ɗakinta, su riƙa neman shawararta ko da sun san amsa, wata jika kuma ta riƙa raka ta Islamiyya sau 2 a mako.

A wata na 13 tana kai wa asuba a barci, tana cinye tuwonta. A wata na 15 aka cire mata yanar ido. A wata na 17 aka maimaita IDEA: maki 12.

Wata na 23: inda aka tsaya

Shekara guda da zuwanta na farko sashenmu, ta sami 13 cikin 15. Dabbobi 11 a minti ɗaya, ashana daidai, amma kalmomi 3 kawai ta tuno. Ta koma zuwa suna da gaisuwar mutuwa. Adashin ya dawo hannunta, sai dai yanzu wata matashiya ce ke rubutawa a littafi, Inna tana bi da baki, kuma takan nemi a maimaita mata. Ba a sallame ta ba. Damuwar da ta fara a tsufa, musamman in ga hawan jini, tana ƙara haɗarin cutar mantuwa nan gaba, don haka duk wata 6 ake ganin ta.

Abin da ya gaza, da dalili

Likitocin biyu na farko ba sakaci suka yi ba. Sun tsaya sun auna, abin da da yawa ba sa yi. Ma'aunin ne ba a taɓa gwada shi a kan irin Inna da irin Hausar da aka yi mata ba.

A ƙirga makin MMSE da ba ruwansu da lafiyar ƙwaƙwalwarta: shekara da wata da kwanan watan boko 3, cire bakwai-bakwai 5, karatu da rubutu da zane 3, jimlar da ba ta fassaru ba 1. Maki 12 ke nan. Ko a ranar da take riƙe da lissafin mata 20 a ka, da wuya ta wuce 18, ga shi iyakar tana 24. An yi gwajin kuma tana shan diazepam, da ido ɗaya. Na tabbata da an ce mata, "An ba ki naira 100, kin sayi abin naira 7," da an ji wata amsa dabam.

Na GDS ya fi ba ni tsoro, domin fassarar ba ta da kuskure ko ɗaya. Kalma ta zauna a kan kalma. Amma tambayar da a Kalifoniya take auna yanayin zuciya, a kunnen tsohuwa Musulma imaninta take aunawa. Ta ce ba ta gamsu da rayuwa ba, butulci ne. Ta ce wasu sun fi ta, hassada ce. Ta ce ta yanke ƙauna, ta saɓa wa aya. Ga ɗanta a zaune, wanda ke ciyar da ita. Tambayar zaman gida kuwa tana iya ba da kuskure ta ɗaya gefen, don macen da ta yi rayuwarta a kulle za ta amsa i ko da zuciyarta fes take. Maki 4 ya rufe ƙofar da ya kamata a buɗe, ta ƙara wata 2 ba magani. Ba kuma ƙaramin abu ba ne: binciken da Gureje da abokansa suka wallafa a 2007 a kan tsofaffi sama da 2,000 a yankin Yarbawa ya sami kashi 7.1 cikin 100 sun yi fama da ciwon damuwa mai ƙarfi a cikin shekarar da ta gabaci binciken. A Zariya, binciken da Yusuf da abokansa suka wallafa a 2011 ya sami cutar mantuwa a kashi 2.79 cikin 100 na tsofaffin da aka duba. Tsohon da ya zo da mantuwa ya cancanci a binciki damuwarsa da gaske kafin a rubuta masa cutar da ba ta warkewa.

Fassara mataki ne na farko kawai. Tantance ingancin takarda yana nufin a ɗauki tsofaffi masu yawa daga cikin mutanen da za a yi amfani da ita a kansu, a yi musu gwajin, sannan ƙwararren likitan da bai ga makin ba ya duba kowa ya yanke nasa hukuncin. Daga nan ake ƙirgawa: cikin masu cutar na gaske nawa takardar ta kama, cikin masu lafiya nawa ta wanke, wane maki ne ya fi dacewa ya zama iyaka, kuma in mutum biyu suka yi gwajin ko aka maimaita bayan mako biyu, amsa ɗaya ake samu? Girman abin ya fito fili a Hai. Tsofaffi 'yan shekara 70 zuwa sama, mutanen nan dai guda, da aka bi ƙa'idar DSM-IV, littafin gano cututtuka na likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka, aka sami kashi 6.4 cikin 100 suna da cutar mantuwa, da aka bi ƙa'idar 10/66, ƙungiyar masu binciken cutar mantuwa a ƙasashe masu tasowa, aka sami 21.6.

Takardarmu ta Hausa ta tsallake matakin fassara da na jin ta bakin tsofaffi, amma iyakar maki 7 aro muka yi daga Hai da Ibadan. Shi ya sa maki 9 na Inna bai yanke mata hukunci ba, sai da aka haɗa da bayanin surukarta da doguwar hira da likita. Aikin da ya rage a bayyane yake. A gwada takardar a kan tsofaffin Hausawa, birni da ƙauye, maza da mata. A daina rubuta "ba ilimi" ga wanda ya sauke Alƙur'ani ko yake rubuta wasiƙa da ajami, a ware masa nasa gurbin a ga ko makinsa ya bambanta. A karanta ta a Sakkwato da Katsina da Damagaram, kada a ɗauka Hausar Kano ta wadatar. Tambayoyin damuwa kuma a gina su daga kalaman da tsofaffin suke faɗa da bakinsu, nauyin kai da tokarewar ƙirji da tunani da fitar duniya daga rai, sannan a auna su da hukuncin likita kamar yadda aka auna sauran.